Rumfar tarho ta jama'a da sabbin ayyukanta

Rumfar tarho ta jama'a ɗan ƙaramin ɗaki ne na ƙarfe da gilashi, mai cin mutum ɗaya a tsaye. Ana kafa ta a bakin titi ko gidan waya ko tasha, mutum ya jefa kwabbai ko ya zura kati ya buga waya. Da wayar hannu ta game gari sai kasuwarta ta mutu. Wasu an tuge su sun tafi hannun 'yan gwangwan, wasu kuwa an ba su wani aikin, domin ko tarhon ya tafi abu uku na nan: wuri a kan hanyar jama'a, jiki mai jure ruwa da iska, sannan a wurare da yawa akwai layin lantarki da aka riga aka ja.

A ƙasashen waje

Wadda ta fi suna ita ce jar rumfar Ingila da Giles Gilbert Scott ya zana. Samfurin K6, wanda aka zana a 1935, tsayinsa mita biyu da rabi, faɗinsa santimita 90 ta kowane gefe, nauyinsa kusan kilo 750 saboda ƙarfen zubi ne. A 2008 kamfanin tarho na Birtaniya, BT, ya fara sayar wa ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji waɗannan rumfuna a kan fam ɗaya kacal. A 2009 mutanen wani ƙauye a yankin Somaset suka mai da tasu ɗakin musayar littattafai: ka ɗauki ɗaya, ka ajiye ɗaya. Wasu ƙauyukan suka sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya. A Landan, a 2014, an shafe wata da koren fenti, aka ɗora mata sola don cajin waya kyauta. Birnin Niyu Yok bai tsaya gyara ba, tun 2016 ya riƙa maye gurbinsu da turakun LinkNYC masu ba da intanet, ya cire tarhonsa na ƙarshe a watan Mayun 2022. A Liyon ta Faransa, a 2007, har tankin kifin ado aka yi da wata. Wannan dai kwalliya ce. Rumfa mai wannan girman tana cin ruwa fiye da lita 1,500, wato tan ɗaya da rabi, gilashinta na asali kuwa ba don haka aka yi shi ba.

A Najeriya

Rumfunan ba su taɓa yawa ba, domin layukan ma ba su da yawa. An kafa NITEL, kamfanin tarho na gwamnati, a 1985, amma har zuwa 2001 layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Da GSM ta fara aiki a watan Agustan 2001, sai mai lema da tebur ya gaje aikin rumfar, yana ƙirga wa mutane kuɗi a kan minti. Shi ma bai daɗe ba. Yau wurin nasa masu POS da masu cajin waya ne suka riƙe shi, kuma waɗannan sana'o'i biyu su suka fi dacewa da tsohuwar rumfa, ko sabuwar da mai walda ya ƙera a kan tsarinta, a Katsina ko Daura.

Zafi

Abin da ake gudu a Ingila ruwa ne da sanyi. A Katsina rana ce. A watan Afrilu zafin inuwa kan kai digiri 40, rumfar gilashi a rufe kuwa tana tara zafin ta hana shi fita, cikinta ya zarce na waje nesa ba kusa ba. Duk wanda ya kwafo tsarin Turai bai gyara wannan ba, kayansa zai dafa.

Saboda haka aikin farko shi ne a cire gilashin sama da na ƙasa a gefe biyu masu fuskantar juna, a sa ragar ƙarfe da ragar sauro a bayanta, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Gefen gabas da na yamma a rufe su da langa-langa mai farin fenti. A ɗora kwano a sama da ratar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da rufin, ya zarce jikin rumfar da rabin mita. Ƙofa kuma kada ta kalli gabas, tunda daga can ruwan damina ya fi bugowa.

Tsohon fenti sau da yawa yana da dalma a ciki. Ba a goge shi a bushe, ba a ƙona shi. A jiƙa, a kankare, a rufe hanci, a kori yara. In jikin ƙarfen zubi ne, walda irin ta ƙofar gida tana tsaga shi, gara a huda a ɗaure da noti. Tsohuwar wayar lantarki da ta fito daga ƙasa kuwa, sai mai gyaran wuta ya gwada ta kafin kowa ya taɓa. Kafin duk wannan a nemi izinin mai rumfar da na ƙaramar hukuma, a sanar da mai unguwa.

Lissafin caji

Nan ne aka fi yin asara, don mutane kan sayi batir babba su haɗa shi da faranti ƙarami. Farantin sola mai wat 100 a ranar Katsina yana ba da kamar wat-awa 400 a yini bayan an cire abin da ke salwanta. Babbar waya mai batirin 5,000mAh tana shan kusan wat-awa 25 kafin ta cika, ƙaramar mai madannai kusan 5. Ke nan faranti ɗaya manyan wayoyi goma sha shida ne iyakarsa a yini. Mai son talatin sai ya sa wat 200, da kwanturola (na'urar daidaita cajin batir) mai amfiya 20, da batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100. Batirin ruwa rabinsa kawai ake sha, wato wat-awa 600. In ana tatse shi ƙarƙaf kullum, ba ya ganin damina biyu.

Rufin rumfar bai isa ɗaukar wat 200 ba, sai an yi masa firam a kan kwanon. A karkatar da farantin zuwa kudu da digiri 13 zuwa 15, daidai da inda Katsina take a taswira. Wajen haɗawa batir ake fara sa wa kwanturola, sannan faranti. In aka juya, kwanturolar na iya ruɗewa ko ta ƙone. A sa fis dab da kan batirin. Cajar USB mai aiki kai tsaye da bolt 12 ta fi a bi ta inbata (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida), don inbata kan ci wuta ko ba a caja komai.

Batirin a ƙasa ake ajiye shi, a kan katako, kusa da raga. Yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, kuma duk ƙarin zafin digiri goma a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa. Da hunturu ƙura kan lulluɓe farantin cikin kwana biyu ko uku, caji ya ja baya, mai rumfa ya yi ta zargin batir. Tsumma mai laushi da ruwa da sassafe ne maganin; ruwan sanyi a kan faranti mai zafi da tsakar rana yana iya tsaga gilashinsa. Kowace waya a ba ta aljihunta mai lamba, mai ita ya tafi da kati mai lambar, in ba haka ba rigimar musanya ba ta ƙarewa.

Littattafai da sauransu

Rumfa na ɗaukar kantocin jera littattafai huɗu ko biyar, littafi ɗari da 'yan kai. Ta fi kyau a harabar makaranta ko Islamiyya inda akwai mai riƙe kwaɗo. Maƙiyinta gara ce: kanta ta zama ta ƙarfe, ta ƙasa ta ɗaga daga daɓe, kada takarda ta taɓa siminti. Na'urar zuciya da akwatin magani kuwa ba sa son zafi, yawancinsu digiri 50 ne iyakarsu, magunguna da yawa ma 30, don haka wurinsu cikin gini ne. Mai POS zai so taga mai sanda a tsayin ƙirji, da kujera a waje ƙarƙashin kwanon, domin santimita 90 ba wurin wuni ba ne.