Alwatika a aikin gini

Alwatika siffa ce mai gefe uku da kusurwa uku, kuma injiniyoyi sun fi dogara da ita wajen haɗa ƙarafa ko katako domin ɗaukar nauyi. Dalilin yana cikin lissafi: muddin tsawon gefunan nan uku bai canja ba, kusurwowin ba su da inda za su motsa. In aka haɗa katako huɗu da ƙusa aka tura su ta gefe, nan da nan za su karkace. Amma da zarar an gitta katako ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, an raba siffar zuwa alwatika biyu ke nan, sai ta tsaya cak.

A jerin alwatika da ake yi wa gada ko rufi, kowane ƙarfe aiki ɗaya yake yi, ko a ja shi ko a danne shi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin dogon ƙarfe siriri yana jure ja sosai, amma in an danne shi yakan lanƙwashe. A kan haka ne tsare-tsaren gadojin ƙarni na 19 suka sha bamban. William Howe na Amurka ya yi rajistar tsarinsa a 1840, inda katakon da ke gicciye ke ɗaukar danniya, sandunan ƙarfe na tsaye kuma ke ɗaukar ja. A 1844 Thomas Pratt da mahaifinsa Caleb suka juya lamarin, dogayen na gicciye suka koma ɗaukar ja, gajerun na tsaye suka ɗauki danniya. Wannan dabara ta dace da ƙarfe ƙwarai, shi ya sa ta yaɗu a gadojin jirgin ƙasa. A Ingila kuwa, James Warren ya fito da nasa a 1848, mai jerin alwatika masu gefuna daidai wa daida.

Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris, wadda aka kammala a 1889 da tsayin mita 300, an haɗa ta ne da ƙarafa fiye da 18,000 da aka saƙa ta wannan hanya, iska na ratsa ta. Haka ake gina manyan turakun wutar lantarki da na sadarwa.

Kafinta ma da alwatika yake aiki a rufin kwano. Katako biyu da suka haɗu a ƙololuwa suna ƙoƙarin tura bango waje, sai na ukun da ke kwance a ƙasansu ya riƙe ƙafafunsu. In mahaɗar nan ta yi rauni, rufin yakan lotsa ko bango ya tsage.