Andrea Pirlo: tambayoyin da kuka hana ni sakat da su

Da zarar an ɗora hoton Pirlo, tsohon ɗan wasan tsakiya na Italiya, da gemun nan nasa, sai tambayoyi su yo caa, kuma su ne dai na jiya da shekaranjiya. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai da gaske kyauta Milan ta bai wa Juventus shi?

Ba kyauta aka yi ba, kwantiraginsa ne ya ƙare a 2011, ya kama gabansa, Juventus ba ta biya Milan ko sisi ba. Shekararsa 32 a lokacin, ya sha jinyar rauni a kakar, Milan kuma ta ɗauki kofin Serie A ba tare da ta jingina da shi ba. Koci Allegri ya fi son ƙaƙƙarfan mutum irin Van Bommel ko Ambrosini a gaban 'yan baya. Milan ta yi masa tayin shekara ɗaya, Juventus ta ce uku. Kai da wanne za ka ɗauka?

Juventus ɗin da ta ƙare ta 7 kaka biyu a jere, da zuwansa ta cinye gasar 2011/12 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Na san 'yan Milan za su kawo min zancen ƙwallon Sulley Muntari, wadda ta tsallake layi a San Siro a Fabrairun 2012, Buffon ya janyo ta, alƙalin wasa ya ce a ci gaba, aka tashi 1-1. An zalunce ku, ban musa ba. Amma da maki 4 Juventus ta wuce ku a ƙarshen kaka.

A ina ya fara?

Brescia. A Flero, kusa da birnin, aka haife shi ranar 19 ga Mayu, 1979. Ya fara buga Serie A a Mayun 1995 yana ɗan shekara 16.

Ya taɓa buga wa Inter?

Ya taɓa. A 1998 ya je, ya tarar da Kanu da Taribo West a can. Lamba 10 yake bugawa a lokacin, a ƙungiyar da ke da Baggio da Djorkaeff, to ina zai ga wuri? Aka ba da shi aro ga Reggina, daga baya ga Brescia, a 2001 kuma aka sayar wa Milan. Ɗan Inter ba ya son a tuna masa wannan cinikin.

Ancelotti, kocinsa a Milan, shi ne ya fara mayar da shi baya, ko?

A'a, kuma na gaji da gyara wannan. Koci Carlo Mazzone ne, a Brescia, farkon 2001. Baggio ya riga ya koma can, wurin lamba 10 nasa ne, sai Mazzone ya janyo yaron ya ajiye shi a gaban 'yan baya. Ku nemi wasansu da Juventus na Afrilun shekarar: Pirlo ya ɗago ƙwallo tun daga tsakiyar fili, Baggio ya sauke ta da taɓawa ɗaya wadda ta kauce wa Van der Sar, ya jefa a raga. Ancelotti ya zo daga baya ya gina Milan a kan wannan dabarar. Ya cancanci yabo, amma ba shi ya fara ba.

Kofuna nawa ya ci a kulob?

Serie A 6: biyu a Milan, 2004 da 2011, huɗu a jere a Juventus daga 2012 zuwa 2015. Kofin Zakarun Turai 2, a 2003 da 2007, duk a Milan. Ya kuma sha kashi a wasan ƙarshe sau biyu, a hannun Liverpool a Istanbul a 2005, inda Dudek ya tare fenaritinsa, da hannun Barcelona a Berlin a 2015.

Kofin Duniya na 2006 fa?

Ya ci da Italiya. Maganar kulob muke yi.

Ina horar da matasa, ina da yaro mai iya raba ƙwallo amma ba ya gudu. In mayar da shi baya kamar Pirlo?

To, Malam, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Amsar ita ce wataƙila, kuma akwai sharuɗɗa.

Kafin ka duba yaron, duba waɗanda za su tsaya a gefensa. Pirlo bai taɓa yin wannan aiki shi kaɗai ba. A Milan Gattuso ne ke cin ƙasa dominsa, Seedorf na ɗaya gefen. A Juventus Conte ya sa masa Vidal da Marchisio, daga baya ga Pogba, a bayansa kuma Barzagli da Bonucci da Chiellini. Kamar direban tirela ne: shi ke riƙe da sitiyari, amma in babu yaran mota, ranar da taya ta fashe a nan za a kwana. In ba ka da mutum biyu masu huhu da suka yarda su yi wahala a yaba wa wani, kada ka fara.

Sai ka tabbatar rashin gudu ne kawai matsalarsa, ba jinkirin tunani ba. Mutane na ganin Pirlo yana tafiya kamar mai jin barci, ba sa lura da kansa. Kafin ƙwallo ta iso shi ya waiga hagu ya waiga dama, ya riga ya san inda za ta. Tsaya a bayan fili ka kalli wuyan yaronka. In sai ya tare ƙwallo sannan yake ɗaga kai, a wannan wurin za a ƙwace, kuma wanda ya ƙwace a nan 'yan baya kawai suka rage masa.

Akwai kuma ranar da za a ɗaura masa mutum. A Kofin Zakarun Turai na 2010 Ferguson, kocin Manchester United a lokacin, ya sa Park Ji-sung ya manne wa Pirlo, duk inda ya sa ƙafa yana nan, Manchester United ta fitar da Milan da ci 7-2 gida da waje. Ba Park kaɗai ya jawo wannan ba, Milan ɗin ta tsufa, amma ya nuna yadda ake yi. Dole ka sami wani, ko ɗan baya ne, da zai iya fara wasa in an toshe yaron.

Fili ma na da nasa. In a filin ƙasa kuke wasa, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, gajeren fasin a gaban gola ganganci ne. Doguwar ƙwallo ta sama za ta fi yi masa amfani, in yana da ita.

Duk da haka ban ce kada ka gwada ba. Gwada a wasan sada zumunta, ba sau ɗaya ba, kuma kada ka yi masa tsawa ranar da ya zubar da ƙwallo aka ci ku, don zai zubar. Shekarunsa ma abin dubawa ne: in bai wuce 15 ba, ni da zan bar shi ya ɗanɗana wurare da dama tukuna. Pirlo kansa ya haura 21 kafin a mayar da shi can. Kwantar da hankalinka, ba a makara ba.

Me ya sa bai yi abin kirki a Amurka ba?

Ya je New York City a 2015 yana da shekara 36, ya haɗu da David Villa da Lampard. Filinsu na Yankee Stadium matsattse ne, gasar ta gudu ce da doguwar tafiya, kuma babu wani Gattuso a gefensa. Ya rataye takalmi a ƙarshen 2017.

Shi da Xavi wa ya fi?

Ba wuri ɗaya suke bugawa ba. Ku daina turo min wannan.