Ƙwallon tebur ga yara masu jinkirin fahimta: tambayoyin da iyaye ba sa gajiya da yi

Ba taɓin hankali ba ne?
A'a. Jinkirin fahimta daban, taɓin hankali daban. Iyayen unguwannin Nima da Mamobi na Accra, ku daina kulle yara a ɗaki don gudun bakin maƙwabta.

Dokar wasansu daban ce?
Ɗaya ce. Maki 11, sabis na juyawa bayan maki 2, tsawon tebur mita 2.74, tsayin raga santimita 15.25.

Sai na sayi tebur?
Alhaji, ajiye kuɗinka. Teburin cin abinci da balan-balan sun isa farawa.

Wata biyu muna yi, har yanzu bai iya mayar da ƙwallo ba. Mu haƙura?
Ya danganta, kuma sau da yawa laifin mai koyarwa ne. Ƙwallon nan giram 2.7 ce, ta fi idon mai koyo sauri. A koma balan-balan, ya buga sama sau 10 bai faɗi ba. Sai a cire raga, a riƙa gara masa ƙwallo a kan tebur yana turowa. Bayan nan a jefo da hannu, wuri ɗaya, gudu ɗaya, daga bokiti mai ƙwallo 30 ko 40, don tsintar ƙwallo ita ke kashe hankalin yaro. Umarni ɗaya tak, kalma biyu: "duba ƙwallo". A nuna masa, a rage surutu. Minti 20 sau uku a mako ya fi awa biyu ranar Asabar.
Amma fa wani yaron ba hannunsa ne matsalar ba. Wani bai gani sosai ne, sai a gwada ƙwallo mai ruwan lemo, a kuma auna idonsa. Wani ƙarar ɗakin ce ke firgita shi. Wani maganin farfaɗiya ke sa shi kasala, sai a sauya lokacin atisaye, maganin kuwa kada a taɓa sai da likita. Idan duk an gwada yana kuka da an ɗauko katakon bugu, wataƙila gudu ko iyo ne nasa. Ba abin kunya ba ne.

Zai iya zuwa gasar duniya?
Ku bari ya riƙe katako tukuna. A wasannin naƙasassu na duniya ajinsu shi ne na 11, kuma Virtus, ƙungiyar wasannin masu jinkirin fahimta ta duniya, ce ke tantancewa: makin gwajin ƙwaƙwalwa 75 ko ƙasa, da shaidar masana. Tsaurin na da dalili. A Sidni, 2000, an kama 'yan ƙwallon kwandon Sifen da ƙaryar naƙasa, aka cire rukunin masu jinkirin fahimta gaba ɗaya, ba a mayar da shi ba sai a Landan, 2012. Special Olympics, wata gasa daban ta masu jinkirin fahimta, ta fi sauƙi: daga shekara 8, ana haɗa yaro da masu ƙarfinsa. Ku tambaya a makarantar Dzorwulu ta yara masu buƙata ta musamman da ke Accra.

Ɗiyata na da lalurar Down (jinkirin fahimta da ake haifar yaro da shi), ta fara?
Hajiya, likita ya duba zuciya da ƙashin wuya tukuna. In ya amince, ki kawo ta da takalmin roba, ba silifas ba.