Shafen kore: ma'anar "girinwoshin" da yadda rigimarsa ta faɗa kan kayan wasan yara

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san aikin farar ƙasa. In Sallah ta matso, ko za a kawo amarya, sai a jiƙa ta a bokiti a bi bango da ita. Bangon da damina ta ci gindinsa, gara kuma ta gama da cikinsa, kafin la'asar ya yi fes. Baƙo ya shigo ya yaba, masu gida kuwa sun san tsagar tana nan a ƙarƙashin shafen.

Turawa ma suna da irin wannan shafe, kuma sun daɗe suna aron sunansa su kira duk wata rufa-rufa da ake yi wa laifi. Daga nan aka samo kalmar da yanzu ta cika bakin masu rajin kare muhalli, wadda kunnen Bahaushe ke ji kamar "girinwoshin". An cire fari daga tsohuwar kalmar aka sa kore, domin kore shi ne launin tsiro da dausayi, shi ne kuma launin da masu kare muhalli suka riƙa a matsayin alamarsu. Ni na fi son in kira shi shafen kore. Abin da ake nufi shi ne kamfani ko gwamnati su yi ta nuna wa duniya suna tattalin muhalli, alhali ainihin sana'arsu da inda suke zuba kuɗinsu suna nan yadda suke.

Wani Ba'amurke mai nazarin muhalli, Jay Westerveld, shi ake danganta wa ƙirƙirar kalmar, a wani rubutu da ya yi a 1986. Abin da ya tunzura shi bai taka kara ya karya ba: 'yar takardar da otal-otal ke ajiye wa baƙo, suna roƙonsa ya sake amfani da tawul ɗinsa don a ceci muhalli. Ya ga irinta a tsibiran Fiji, a wani wurin shaƙatawa da ke ta faɗaɗa gine-ginensa a bakin teku. Rage wankin tawul abu ne mai kyau, sai dai abin da otal ke tattali da gaske kuɗin sabulu ne da na ruwa, aka ɗauko rigar kishin muhalli aka sa masa.

Ba kasafai shafen kore ke zuwa da ƙarya tsagwaronta ba, shi ya sa yake da wuyar kamawa. Yawanci gaskiya ce 'yar ƙarama ake hurawa har ta tare babba. A 2000 kamfanin mai na BP ya sauya tambarinsa zuwa wata fure mai kore da rawaya, ya ce haruffan sunansa yanzu suna nuni ne da wuce zamanin fetur. Da gaske yana da harkar wutar sola. Amma a daidai wannan lokacin dala miliyan 45 ya kashe ya mallaki ragowar kamfanin sola na Solarex, ya kuma kashe kusan dala biliyan 27 ya saye kamfanin mai na ARCO. A 2007 Shell ya fitar da talla mai hoton matatar mai, furanni na fitowa daga bututunta maimakon hayaƙi, yana cewa yana amfani da iskar da yake fitarwa wajen noman fure. Hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta ce tallar yaudara ce, domin abin da ke zuwa wa furannin bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da kamfanin ke saki ba.

Waɗannan duk talla ce ga manya, akwai magana a cikinta da za a iya aunawa a ƙaryata. Rigimar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 2014, wadda babu wata magana a cikinta sam, sai tambari a jikin abin wasa.

Lego kamfani ne na ƙasar Denmark, a garin Billund, an kafa shi a 1932. Yana yin 'yan tubalan roba masu launi da yaro ke harhaɗawa ya gina gida ko mota ko jirgi. Sunan daga kalmomi biyu na harshensu yake, ma'anarsu "yi wasa da kyau", kuma iyaye a ƙasashe da dama sun yarda da shi yarda mai ƙarfi. Tun shekarun 1960 Lego ya fara fitar da 'yan gidajen mai da tankokin wasa masu ɗauke da tambarin Shell, ƙwanson nan mai ja da rawaya. A 1992 ya ƙirƙiro wani kamfanin mai na ƙage mai suna Octan ya riƙa liƙa shi a kayansa. Sai a 2011 suka sake ƙulla yarjejeniya da Shell: a riƙa ba da 'yan motocin tseren Ferrari na Lego masu tambarin Shell a gidajen man kamfanin, a ƙasashe 26. Uba ya sha mai, ya riƙo wa ɗansa tsaraba.

A waɗannan shekarun ne Shell ke ƙoƙarin haƙar mai a tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, daura da jihar Alaska ta Amurka. Wuri ne na ƙanƙara da guguwa da dogon duhu, inda in mai ya malala kwashe shi sai wani ikon Allah. Ba hasashe ba ne kawai: a ranar ƙarshe ta 2012 dandamalin haƙar man Shell mai suna Kulluk ya tsinke daga jirgin da ke jan sa, igiyar ruwa ta maka shi a gaɓa kusa da tsibirin Kodiak.

A Yulin 2014 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta buɗe fafutuka, kuma maimakon ta nufi Shell kai tsaye sai ta nufi Lego. Ta fitar da ɗan gajeren bidiyo: yankin Aktik da aka gina da tubalan Lego, da dabbobinsa da masuntansa da yaransa, baƙin mai na tasowa a hankali har ya haɗiye su. An kalle shi kusan sau miliyan 6. 'Yan ƙungiyar sun shiga wurin wasan Legoland da ke Windsor a Ingila suka jera 'yan mutum-mutumin Lego riƙe da kwalayen zanga-zanga. Yara sun taru a ƙofar ofishin Shell a Landan suka gina manyan dabbobin ƙanƙara da tubalan. Mutum sama da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke. Ranar 9 ga Oktoba 2014 shugaban Lego, Jørgen Vig Knudstorp, ya sanar cewa za su cika yarjejeniyar da ke ƙasa, amma ba za su sabunta ta ba.

To ina kore a nan? Motar ja ce, tambarin ja da rawaya, babu wanda ya rubuta a kwali cewa fetur na gyara muhalli. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce ta nuna yadda ma'anar kalmar ta faɗaɗa. A harkar mai da ma'adinai akwai abin da su kansu kamfanonin ke kira lasisin jama'a. Gwamnati ce ke ba da takardar izinin haƙa, amma akwai wani izinin da ba a rubutawa, wato mutane su ɗauki kamfani a matsayin maƙwabci na kirki, wanda in an ji sunansa rai ba ya ɓaci. Kamfanin da sana'arsa ke jawo masa baƙin jini yakan nemi wannan izinin ta hanyar raɓar mai farin jini: gidan tarihi, wasan ƙwallo, gasar makarantu, ko abin wasan yara. Mai raɓar mai turare, ko bai shafa ba, zai tashi da ƙamshi.

Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara shida bai san talla ba, bai san yarjejeniya ba. Abin da ya sani shi ne wannan alamar tana jikin motar da babansa ya kawo masa, wadda yake kwana da ita a gefen filo. Bayan shekara ashirin, in ya ji ana muhawarar ko a bar wannan kamfani ya haƙa mai a wuri kaza, alamar ta riga ta samu gurbi mai daɗi a zuciyarsa tun kafin a kawo masa hujja ko ɗaya. A ganina wannan ya fi tallar furanni haɗari, domin tallar furanni an kai ta gaban hukuma an kayar da ita, shi kuwa abin wasa ba shi da jimlar da za a kai ƙara.

Lego bai yarda ya yi laifi ba. Shugabansa ya ce kamata ya yi Greenpeace ta je ta yi magana da Shell, kada a jawo kayan wasan yara cikin rigimar da ba tasu ba. Wasu kuma sun tuna wa 'yan fafutukar cewa tubalan kansu daga man fetur ake yin robarsu. Gaskiya ne, har a 2023 Lego ya jingine shirinsa na yin tubala da tsofaffin robobin ruwa, bayan ya gano hakan ba zai rage hayaƙin da yake fitarwa ba. Haka nan da Shell ya janye daga Aktik a Satumban 2015, bayan ya kashe kusan dala biliyan 7, dalilan da ya bayar su ne rijiyar gwajin ba ta ba da man kirki ba, ga tsadar aiki, ga dokokin Amurka marasa tabbas. Don haka ban ce bidiyon yara ne ya kore shi ba. Abin da fafutukar ta cim ma shi ne ta sa raɓar kamfanin mai ta zama abin da mai suna mai kyau zai yi tunani sau biyu kafin ya yi. A 2016 aka sanar da ƙarshen tallafin BP ga gidajen zane na Tate a Birtaniya, a 2019 kuma wata babbar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasar ta rabu da shi bayan ɗalibai sun yi barazanar ƙaurace mata.

Mu a Najeriya wannan tambarin ba baƙonmu ba ne. Shell ne ya fara samun mai a Oloibiri a 1956. A 2011, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar 'yan motocin, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni. Ta ce tsabtace yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ta kuma samu sinadarin benzin mai jawo cutar daji a ruwan rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Yaran da ke shan wannan ruwa sa'o'in waɗanda ake miƙa wa motocin Ferrari ne a gidajen mai. Wata uku bayan sanarwar Lego, a Janairun 2015, Shell ya amince ya biya mutanen garin Bodo na ƙasar Ogoni fam miliyan 55 kan man da ya fara malala a rafukansu tun 2008, masunta 15,600 ne suka kai ƙarar har Landan. Lauyoyinsu sun ce tayin farko da aka yi wa garin gaba ɗayansa fam 4,000 ne.