Korar ma'aikatan Twitter ta 2022

Korar ma'aikatan Twitter ta 2022 ita ce sallamar kusan rabin ma'aikatan kamfanin sada zumunta na Twitter, wanda yanzu ake kira X, a ranar 4 ga Nuwamba 2022, mako guda bayan attajirin nan Elon Musk ya kammala sayen kamfanin a kan dala biliyan 44. A lokacin kamfanin yana da ma'aikata kimanin 7,500. Ba ita ce kora mafi yawa a wannan wata ba, domin kwana biyar bayanta Meta, mai Facebook da Instagram, ta sallami mutum 11,000. Abin da ya sa ta Twitter ta fi yin ƙaurin suna shi ne ta zo a tsakiyar wata gardama da ta daɗe: wa ke da ikon cewa a goge wannan rubutu a bar wancan, kuma a ina 'yancin faɗar albarkacin baki ya tsaya a dandalin da wani ya mallaka.

Asalin gardamar

A Amurka, gyaran farko na kundin tsarin mulki gwamnati kaɗai ya hana toshe bakin mutane. Bai ɗaure kamfanoni masu zaman kansu ba. Sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 kuma ya kāre shafukan intanet ta fuska biyu: ba za a kama su da laifin abin da masu amfani da su suka wallafa ba, sannan suna da damar cire abin da suka ga bai dace ba. A kan wannan doka Twitter da sauran irinsa suka gina ƙa'idojinsu na hana barazana, cin zarafi, kalaman ƙiyayya da labaran ƙarya.

Ƙa'idojin sun yi ta cin karo da masu mulki. A ranar 8 ga Janairu 2021, kwana biyu bayan magoya bayan Donald Trump sun kutsa cikin majalisar dokokin Amurka, Twitter ya rufe shafinsa. A Yunin shekarar kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari da ya yi nuni da yaƙin basasa yana gargaɗin masu tada zaune tsaye a kudu maso gabashin Najeriya. Gwamnatin Najeriya ta mayar da martani da dakatar da Twitter daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022, matakin da kotun ECOWAS ta ce daga baya ya saɓa wa doka. Masu ra'ayin riƙau a Amurka suna zargin kamfanin da fifita ɓangare guda. Musk ya bi sahunsu, yana kiran kansa mai goyon bayan 'yancin magana ba tare da iyaka ba, yana kuma cewa Twitter dandalin gari ne na wannan zamani, don haka bai kamata ya hana abin da dokar ƙasa ba ta hana ba.

Ciniki da sallama

Musk ya yi tayin sayen kamfanin a Afrilu 2022 a kan dala 54.20 kowane hannun jari. A Yuli ya nemi janyewa, Twitter ya maka shi a kotu a jihar Delaware, daga ƙarshe ya kammala cinikin ranar 27 ga Oktoba. A ranar ce ya sallami shugaban kamfanin Parag Agrawal, da shugaban sashen kuɗi Ned Segal, da Vijaya Gadde, lauyar da ke kula da manufofin abin da ake wallafawa.

Hujjar da ya bayar kan korar 4 ga Nuwamba ta kuɗi ce. Ya ce kamfanin yana asarar fiye da dala miliyan 4 a kullum, ga kuma bashin kusan dala biliyan 13 da aka ɗora wa kamfanin domin cinikin ya yiwu. Ma'aikata da dama sun gane an kore su ne da suka ga an rufe musu imel da kwamfutar aiki tun kafin takardar sallama ta iso. A tsakiyar wata aka soke aikin ma'aikatan kwangila, waɗanda rahotanni suka ce sun kai 4,400 daga cikin 5,500. Ranar 16 ga Nuwamba Musk ya aika wa waɗanda suka rage saƙo: ko dai su latsa amincewa da aiki tuƙuru na dogon lokaci, ko su karɓi albashin wata uku su tafi. Ɗaruruwa sun zaɓi tafiya. A hirarsa da BBC a Afrilu 2023 ya ce ma'aikata kimanin 1,500 suka rage.

Masu tace rubutu

A nan ne batun kora da batun 'yancin magana suka haɗu, domin tace abin da ake wallafawa aiki ne na mutane kafin ya zama na na'ura. Akwai manhajojin da ke kama hotunan lalata da yara da saƙonnin damfara ta hanyar kwatanta su da waɗanda aka riga aka sani. Akwai ma'aikatan kwangila da ke zaune gaban kwamfuta suna duba ƙorafe-ƙorafen jama'a ɗaya bayan ɗaya. Sama da su akwai masu tsara ƙa'ida, da injiniyoyin da ke gina kayan aikin, da ƙwararru kan zaɓe da haƙƙin ɗan Adam. Na'ura tana iya gane hoton da ta taɓa gani, amma habaici, zambo, ko kalmar da a wani gari wasa ce a wani garin kuma kiran ɗaukar makami ce, sai wanda ya san harshen da mutanensa. Shi ya sa rage waɗannan ma'aikata ke sauya abin da ake bari a dandali ko da ba a taɓa harafi ɗaya a rubutacciyar ƙa'ida ba, kuma harsunan da ba Turanci ba su suka fi ji a jika. An riga an ga misali a Myanmar, inda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce a 2018 Facebook ya taimaka wajen yaɗa ƙiyayya ga Musulmin Rohingya, a lokacin da kamfanin ke da ƙarancin masu jin harshen ƙasar.

Yoel Roth, shugaban sashen tsaron masu amfani da Twitter, ya ce korar 4 ga Nuwamba ta shafi kusan kashi 15 cikin ɗari na sashensa kawai. Shi kansa ya ajiye aiki ranar 10 ga watan. Alƙaluman da kamfanin ya miƙa wa hukumar kula da tsaron intanet ta Ostireliya, waɗanda ta fitar a Janairu 2024, sun nuna ma'aikatan wannan fanni sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a duniya, injiniyoyinsa kuma sun sauka daga 279 zuwa 55.

A lokacin, ofishin Twitter ɗaya tilo a Afirka yana Accra, babban birnin Ghana. An sanar da shi a Afrilu 2021, ma'aikatansa kusan 20 suka tare a ginin a farkon Nuwamba 2022, kwanaki kaɗan aka sallami kusan dukkansu, ana saura wata uku da 'yan makonni a yi babban zaɓen Najeriya na 2023. Sun shafe fiye da shekara suna bin haƙƙinsu kafin a biya su a farkon 2024.

Sabbin ƙa'idoji

Washegarin cinikin Musk ya yi alkawarin kafa majalisa mai ra'ayoyi daban-daban, ya ce ba za a maido da wani babban shafi da aka rufe ba sai ta zauna. Majalisar ba ta taɓa zama ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi a shafinsa ce ta maye gurbinta: kashi 52 cikin ɗari suka ce a maido da Trump, aka maido shi ranar 19 ga Nuwamba, sannan wata ƙuri'ar ta kai ga afuwa ga dubban shafukan da aka rufe a baya. Alamar shuɗi, wadda dā shaida ce cewa an tantance mai shafi, ta koma abin sayarwa a kan dala 8 a wata. Cikin kwana biyu wani ya sayi alamar da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya sanar cewa allurar ciwon suga ta zama kyauta, har sai da kamfanin na gaske ya fito ya ƙaryata. An daina aiki da ƙa'idar hana ƙarya kan cutar korona ranar 23 ga Nuwamba, aka kuma rushe majalisar ba da shawara ta ƙungiyoyi kusan 100 ranar 12 ga Disamba.

Sabuwar manufar ita ce a bar mutum ya faɗi abin da yake so, amma a rage yawan waɗanda saƙonsa zai kai wa, tare da dogaro da Community Notes, tsarin da masu sa kai ke ƙara bayanin gyara a ƙarƙashin saƙo idan masu ra'ayoyi mabambanta suka yarda da shi. Tsarin ba ya cin kuɗi sosai kuma yana da wuyar zargi da son kai, sai dai yana da jinkiri, kuma a batun da ya raba kan jama'a ba kasafai ake samun amincewar ba.

Iyaka dai ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. A tsakiyar Disamba 2022 aka rufe shafin da ke bibiyar jirgin saman Musk, tare da na wasu 'yan jaridar New York Times, Washington Post da CNN da suka yi rahoto a kansa. A Mayu 2023, ana jajibirin zaɓen Turkiyya, kamfanin ya toshe wasu shafuka a ƙasar bisa umarnin hukuma. Musk ya ce zaɓin shi ne a toshe kaɗan ko a rufe dandalin gaba ɗaya. A Brazil ya ƙi bin umarnin alƙalin kotun ƙoli Alexandre de Moraes, aka rufe X daga ƙarshen Agusta zuwa 8 ga Oktoba 2024, sai da ya biya tara ya naɗa wakili a ƙasar.

Masu talla da kotuna

Kamfanoni irin su General Motors, Pfizer da Volkswagen sun dakatar da tallarsu tun makonnin farko, kuma a Yuli 2023, watan da aka sauya suna zuwa X, Musk ya ce kuɗin talla ya ragu da kusan rabi. Ƙungiyoyin bincike sun ce kalaman ƙiyayya sun ƙaru, kamfanin ya ce masu ganinsu ne suka ragu. Tantance gaskiyar ya yi wuya tun da aka rufe hanyar da masu bincike ke samun bayanai kyauta a 2023. X ya kai ƙarar ɗaya daga cikin ƙungiyoyin, Center for Countering Digital Hate, amma alƙali Charles Breyer ya yi watsi da ƙarar a Maris 2024, yana cewa manufarta hukunta masu suka ne. Tarayyar Turai ta buɗe bincike a kan X a Disamba 2023 ƙarƙashin dokarta ta ayyukan intanet.

Tsofaffin ma'aikata sun shigar da ƙararraki kan kuɗin sallama da kuma dokar Amurka da ta tanadi sanarwar kwana 60 kafin babbar kora. A Ireland hukumar sasanta rikicin aiki ta ba wani babban ma'aikaci diyyar fiye da yuro 550,000 a Agusta 2024, ta ce rashin latsa amincewa a saƙon 16 ga Nuwamba ba murabus ba ne. Meta ma ta fuskanci nata: masu tace rubutu fiye da 180 da ke yi mata aiki ta hannun kamfanin Sama a Nairobi sun kai ƙara kotun Kenya bayan an sallame su a 2023. Ranar 7 ga Janairu 2025 Mark Zuckerberg, shugaban Meta, ya sanar cewa Meta za ta daina aiki da ƙungiyoyin binciken gaskiyar labari a Amurka, ta ɗauki tsari irin na Community Notes.