Mece ce "dilit" ɗin da ake ta yi wa injin babur?

Kwanakin nan duk inda masu manyan babura suka haɗu, ko a bidiyoyin kanikawa na YouTube da TikTok, kalma ɗaya ce ke yawo a baki: dilit, wato "delete" ta Turanci. Wannan ya ce ya yi wa AIS ɗinsa dilit, wancan yana tambayar ɗan'uwansa ko ya yi wa PAIR dilit. Har wani mai gabatar da shirin ababen hawa na ji yana bayani da ƙarfin gwiwa, wai na'urar da ake cirewar shaƙe inji take yi, da an rabu da ita babur zai samu numfashi ya ƙara gudu. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ba haka abin yake ba, kuma an maimaita ta har ta fara zama karatu a wurin masu koyo.

Na'urar guda ɗaya ce, kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. Yamaha na kiranta AIS, Honda da Suzuki su ce PAIR, KTM ta ce SAS, Triumph kuma SAI. Tiyo ne ke tasowa daga akwatin matatar iska ya kai iska zuwa wani ɗan murfi a saman kan inji. Ƙarƙashin murfin akwai siririn fallen ƙarfe mai buɗewa ta fuska ɗaya kawai. Yi mata dilit shi ne a zare tiyon da bawul ɗin da ke kula da shi, a ɗaure farantin ƙarfe a gurbin murfin, a toshe kafar da ta rage a jikin akwatin iska. Ma'anar kenan a taƙaice.

Inda ruɗanin yake shi ne tambayar da ba a cika yi ba: wannan iskar ina take zuwa? Yawancin masu maganar suna zaton cikin silinda take shiga ta gauraya da fetur. Ko kusa. Tana sauka ne a bayan bawul ɗin fitar hayaƙi, daidai wuyan da salansa ke farawa. Kafin hayaƙi ya iso nan filogi ya riga ya ba da wuta, fistin ya riga ya sauka, ƙarfin da za a samu an same shi an aika wa taya. Abin da ya rage shi ne burbushin fetur da bai ƙone ba, da iskar kabon monoksayid mai guba. Suna fitowa da zafi sosai amma babu iskar oksijin da za ta ƙarasa cinye su, sai na'urar ta kawo musu. Kamar garwashin da aka riga aka janye daga murhu ne aka ajiye gefe: ko ka fifita shi ko ka bari, abin da ke kan wuta bai san ana yi ba. To ta yaya toshe wannan kafa zai ƙara wa inji ƙarfi? Abin da aka rage kawai nauyin 'yan tiyo da ɗan bawul.

Na san inda zargin ya samo asali, kuma can baya yana da ɗan tushe. A 1966 aka fara sa wa motoci wannan tsari a jihar Kalifoniya ta Amurka, lokacin da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Anjeles. Na wancan zamanin famfo ne na gaske, bel ke juya shi daga jikin inji, don haka yana ɗan cin ƙarfi. Na babur ba shi da famfo, ba shi da bel. Hayaƙi a salansa ba ya tafiya a miƙe kamar ruwa a bututu, bugu-bugu yake fita, kuma bayan kowane bugu akan samu ɗan zuƙo na ƙiftawar ido. Wannan zuƙon ne ke ɗaga fallen ƙarfen ya jawo iska, da matsi ya dawo kuma fallen ya rufe. Kyauta yake aikinsa. An ɗauki laifin kaka an jibga wa jika.

Sai maganar ƙarar nan ta tas-tas-tas da babur ke yi idan an saki totur, musamman bayan an canza salansar kamfani da mai faɗin baki. Gaskiya ne, idan aka toshe kafar iskar ƙarar takan ragu ko ta ɗauke gaba ɗaya. Amma ƙarar ba alamar ciwo ba ce a jikin inji. Fetur ɗin da ya tsere ne ke kamawa da wuta a cikin bututu, wato aikin da aka sa na'urar ta yi kenan, salansar kamfani ce dā ke danne sautin. Wanda ya toshe kafar bai hana fetur tserewa ba, ya dai hana shi ƙonewa, yanzu ɗanye yake fita zuwa hancin wanda ke biye da shi. Wani lokacin ma ƙarar daga yoyo take a mahaɗar salansa da kan inji, mutum ya cire lafiyayyar na'ura ya bar gasket ɗin da ya mutu, wato abin da ke like mahaɗar don hana yoyo.

Ita kanta kalmar ce ta fi damuna. Mu dai a waya da kwamfuta muka san dilit: hoton da bai yi kyau ba, saƙon da aka tura bisa kuskure, tarkacen da ya cika ma'ajiya. Ka danna, ya ɓace, babu wanda ya yi asara. Da aka ɗauko kalmar aka liƙa wa aikin kanikanci, sai ta taho da wannan sauƙin nata, mai ji ya ɗauka shara ce ake sharewa. Alhali asalin kalmar ba mai sauƙi ba ne. Daga Latin ta fito, daga "delere", ma'ana rushewa ko shafe abu daga doron ƙasa. Da ita aka san wani dattijo na majalisar Rum mai suna Kato, wanda aka ruwaito ba ya rufe jawabi, ko a kan me yake magana, sai ya ƙara da cewa lallai a shafe Kartaj, birnin abokan gabarsu da kufansa ke Tunisiya a yau. Ya yi ta nanatawa har aka biye masa, aka rushe birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kalmar da ke da wannan tarihi ita ce yau ake furtawa kamar ana goge ƙura. Da cewa aka yi "na cire abin da ke ƙone gubar hayaƙin babur ɗina", da mutane da yawa sun tsaya sun sake tunani. Dilit ba ta faɗin abin da aka cire, ba ta faɗin wanda zai shaƙa.

Kabon monoksayid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jinin mutum yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Saboda shi da ɗanyen fetur ne Tarayyar Turai ta yi ta matse ƙa'idar hayaƙin babura tun daga matakin farko da ake kira Euro 1 a 1999. A ƙarƙashin Euro 3 ta 2006 an yarda babur ya fitar da giram 2 na wannan iska a kowace kilomita, Euro 5 ta 2020 ta mayar da shi giram 1. A Amurka kuwa dokar tsaftar iska ta 1970 ta hana taɓa irin waɗannan na'urori, gyaran da aka yi mata a 1990 ya faɗaɗa hanin har kan mai abin hawa da kansa. Shi ya sa za ka ga masu sayar da farantan toshewa suna rubuta cewa na filin tsere ne kawai, ko da yake ba a filin tsere yawancinsu ke ƙarewa ba.

Ba na musun cewa akwai inda toshewar ke da hujja. Mai daidaita inji a kan na'urar gwajin ƙarfi yana sa sensa a salansa don ya ga yawan iska da fetur, inda ma'aunin da ake kwatance da shi shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur. Idan na'urar na zuba sabuwar iska a salansa, sensar za ta nuna kamar fetur ya yi kaɗan, mai aikin ya ƙara mai inda ba a buƙata. Wannan matsala ce ta gaske. Maganinta a matse tiyon a lokacin awo, a sake shi idan an gama. Haka idan baƙin toka ya daskare a kan fallen ƙarfen har ya daina rufewa, hayaƙi ya riƙa komawa akwatin iska: wankewa ake yi ko a sa sabo. Babur ɗin tsere da ba ya hawa titi kuma lissafinsa daban ne.

A baburan zamani ƙwaƙwalwar inji, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, ita ce ke buɗe bawul ɗin na'urar da rufe shi ta wayar lantarki. Da an zare shi sai fitilar gargaɗi ta kama a allon gaba, domin ƙwaƙwalwar ta lura wani abu ya ɓata. Masu dilit sukan cusa 'yar resisto, wato ƙaramin abin lantarki mai rage gudun wuta, a soket ɗin da aka bari, ƙwaƙwalwar ta ji nauyin wuta kamar bawul ɗin na nan, fitilar ta mutu. Idan aka sayar da babur ɗin gaba, mai saye zai kunna makulli ya ga allo fes, ba tare da ya san an toshe komai a saman injin ba.