Karen tsintuwa: riƙo da horarwa

Karen tsintuwa shi ne karen da aka ɗauko daga titi ko juji, ko wanda mai shi ya tashi ya bari, wani ya riƙe shi a gida. A Kaduna wasunsu 'yan kwikwiyo ne da ake samu a kango ko bakin kwata, sai kuma karnukan gadi da aka saki bayan an canja gida. Abu na farko da ake koya wa irin wannan kare shi ne ya mai da hankali ga mutum, domin sauran horo duk a kansa yake hawa.

Tarihi

Masana na ganin kare ya fara zama da ɗan Adam aƙalla shekara 15,000 da suka wuce, wasu kuma suna kai abin baya fiye da haka. A ƙasar Hausa an fi saninsa da farauta da gadi, kuma mafarauta sun daɗe suna horar da karnuka su amsa fito, su bi sawu, su riƙe nama ba tare da sun ci ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin alamar horuwa: a tura ta ta tafi, a tsawatar ta tsaya. Akwai kuma hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Gidajen tara ɓatattun karnuka sun daɗe a Turai; na Battersea da ke Landan an kafa shi a 1860. Horarwar zamani ta samo tushe daga binciken Ivan Pavlov na Rasha, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904, da na B. F. Skinner na Amurka, wanda ya nuna cewa dabba tana maimaita halin da aka saka mata da lada.

Hukunci

Mazhabar Malikiyya tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, Shafi'iyya kuma najasa. An yarda da riƙe shi don farauta, kiwo da gona. Malamai da dama sun haɗa da tsaron gida.

Lafiya

Kafin komai ana kai shi wurin likitan dabbobi a duba kaska, ƙazuwa da tsutsar ciki, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana haɗa wannan allura, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti.

Horarwa

Karen da ya sha jifa a hannun yara yana da alama: da mutum ya sunkuya, sai ya soke wutsiya ya ruga, don yana zaton dutse za a ɗauka. Irin wannan ba a ƙura masa ido, ba a kuma tunkararsa gaba-gadi. Ana zama gefe, a ajiye abinci, a ƙyale shi ya matso da kansa, ko da zai ɗauki makonni.

Idan ya saki jiki, sai a kira sunansa sau ɗaya. Da ya ɗago ya dubi fuskar mai kiran, nan take a ba shi ɗan guntun nama, wanda ba yaji ba albasa, domin albasa tana cutar da kare. Jinkirin 'yan daƙiƙu ya isa ya kasa gane abin da aka saka masa a kai. Minti 5 sau biyu ko uku a rana ya wadatar. Ana farawa a tsakar gida lokacin da ba hayaniya, daga baya a koma zaure, sannan ƙofar gida inda Keke Napep da masu talla ke wucewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kira kare da sunansa sannan a doke shi. Bayan sau biyu ko uku, da ya ji sunan sai ya shige ƙarƙashin mota.